ZAUREN MALAM: Littafin Da Dattijo Ya Ƙwace

A watan jiya mun yi alkawari za mu ci gaba da zancen kuɗin makaranta, amma wani abu ya faru da ya sa muka ɗage wannan zance sai wata mai zuwa. Ku gafarce mu.

Ran wata Talata, bayan an tashi yara, muna zaune muna duba littattafan aiki, sai ga wani dattijon ikkilisiya ya yi sallama, yana riƙe da wani tsohon littafi mai jan bango. Da muka gaisa, ya ajiye shi a kan tebur ya ce, "Malam, wannan daga ɗakin karatunku ya fito?" Muka duba hatimi muka ce, "I, Baba, namu ne." Ya ce, "To, a hannun 'yata na ƙwace shi. Kwana uku ke nan ba ta da aiki sai shi, har miya ta ƙone. Na tambaye ta labarin mene ne, ta ce wai labarin wata mata ce da ta gudu daga gidan mijinta. Na ce abin ya faru ne? Ta ce a'a, ƙago shi aka yi. Malam, ƙarya ke nan, kuma ƙaryar da za ta koya wa yarinya yaji. Don wannan muke biyan kuɗi?"

Ba mu yi wa Baba dariya ba, gama tambayarsa tana da nauyi, kuma mun san iyaye da yawa cikin masu karanta wannan mujalla suna da irinta a zuci. Laifi biyu ya ɗora wa littafin: ƙarya da koyar da rashin biyayya. Ga amsar da muka ba shi, tare da ƙarin abin da lokaci bai bari muka faɗa masa a ranar ba.

Mu fara da zancen ƙarya. Sa'ad da sarki Dawuda ya ɗauke matar Uriya, ya kuma sa aka kashe mijin, annabi Natan bai shiga fada da zargi a baki ba. Labari ya ba sarki, na wani attajiri mai garkuna da wani matalauci mai 'yar tunkiya guda ɗaya tak, wadda attajirin ya ƙwace ya yanka wa baƙonsa. Dawuda ya husata ya yanke hukunci, sa'an nan Natan ya nuna masa cewa kansa ya yanke wa. Ku duba littafin Sama'ila na biyu, sura 12. Babu wannan tunkiya a duniya, amma wa zai ce annabi ya yi ƙarya? Da Natan ya fara da zargi, da watakila sarki ya toshe kunne. Labarin ne ya zaunar da shi a bukkar matalauci, ya ji abin da matalauci yake ji, kafin ya gane ashe shi ake nufi. Littafin da Baba ya ƙwace irin wannan aiki ya yi a ƙasar Ingila.

Sunan littafin The Tenant of Wildfell Hall, watau baƙuwar da ta kama haya a wani tsohon gida mai suna Wildfell. An buga shi a watan Yuni na 1848. Wadda ta rubuta shi Anne Brontë ce, 'yar wani fasto a ƙauyen Haworth a arewacin Ingila, ƙanwar Charlotte wadda ta rubuta Jane Eyre a 1847. Dukansu sun ɓoye sunansu suka sa irin na maza a bango, domin sun san yadda ake rena rubutun mace. Anne ta san abin da take rubutawa, gama a cikin gidansu ta ga yadda giya ta cinye wanta Branwell, wanda ya mutu watanni kaɗan bayan fitowar littafin. Ita kanta ta rasu a 1849 tana da shekara 29.

Ga labarin a taƙaice. Wata yarinya mai tsoron Allah, Helen, ta so wani saurayi kyakkyawa mai fara'a, Arthur Huntingdon. Matar da ta rene ta ta gargaɗe ta cewa mutumin nan mashayi ne, ba shi da kamun kai. Helen ta ce ita za ta gyara shi da ƙauna da addu'a. Aka ɗaura aure. Wanda bai ji bari ba ya ji hoho. Mijin ya ci gaba da shansa, ya kawo abokan shansa gida, ya nemi matar abokinsa a ƙarƙashin rufin gidansa. Helen ta jure duk wannan shekara da shekaru. Abin da ya ƙure haƙurinta shi ne sa'ad da ta ga uban da abokansa suna zaunar da ɗanta ƙarami suna ɗura masa giya, suna koya masa ashar, suna kyakyata dariya. Sai ta fara zanen hotuna da niyyar sayarwa, ta tara guzurin tafiya a ɓoye. Mijin ya karanta littafin da take rubuta asirin zuciyarta, ya gane shirin, ya sa aka jefa kayan zanenta a wuta, ya kwashe kuɗinta da kayan adonta. Daga baya, da taimakon wanta da wata tsohuwar baranyarta, ta sulale da asuba da yaron, ta sake suna, ta ɓuya a wancan tsohon gida tana ci da zanenta.

Masu karatu, ga inda muke so ku tsaya ku lura. Bisa dokar Ingila ta zamanin da labarin ya kwatanta, duk abin da mijin nan ya yi bai karya doka ba. Helen ce mai laifi. Da zarar mace ta yi aure, doka tana ɗaukar ita da mijinta mutum ɗaya ne, mutumin kuwa shi ne mijin. Kuɗin da ta zo da shi nasa ne. Abin da ta samu da gumin goshinta nasa ne. Ba ta iya kai ƙara da sunanta. 'Ya'yan da ta haifa na uba ne shi kaɗai. Saboda haka kuɗin da ya kwashe, a idon doka, kayansa ya ɗauka, yaron da ta ɗauke kuwa sace shi ta yi.

Kada wani ya ce mai labari ce ta ƙara gishiri. Akwai mace ta gaske, Caroline Norton, ita ma marubuciya ce. A 1836 mijinta ya kwashe 'ya'yansu maza uku ya hana ta ganinsu, kuma doka ta ba shi ikon karɓar kuɗin littattafanta. Ta yi ta rubuce-rubuce tana roƙon 'yan majalisa har aka yi dokar 1839, wadda ta yarda uwa marar laifin zina ta roƙi kotu a bar mata yaran da ba su kai shekara 7 ba. Roƙo ne kurum aka ba ta, alƙali ya ga dama ya karɓa, ya ga dama ya ƙi. Mutane da yawa sun san da irin waɗannan dokoki, amma sanin doka a takarda dabam ne da kwana a ɗakin wadda dokar ta danne. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Abin da Anne Brontë ta yi shi ne ta shigar da dubban masu karatu cikin ɗakin, maza da mata, ta sa suka ji ɗigon ruwan a kansu. Masu sharhi a jaridu suka ce littafin ya yi ƙazanta, bai dace mace ta karanta ba. Ita kuwa ta amsa musu a bugu na biyu cewa gara a nuna wa matafiyi ramin da ke gabansa da a rufe shi da furanni.

To, daga nan tambaya ɗaya ce ta rage wa mai hankali: su wa suke yin waɗannan dokoki? Wakilai ne a majalisa. Su wa suke zaɓen wakilan? Maza kaɗai, su ma masu dukiya. Wakili kuwa kunnensa yana wajen wanda zai iya tsige shi. A nan ne zancen gida ya zama zancen ƙuri'a.

Abin mamaki, wata guda bayan fitowar littafin, a ran 19 da 20 ga Yuli 1848, wajen mutum 300 suka taru a wata majami'ar Metodis a garin Seneca Falls ta ƙasar Amurka domin su tattauna matsayin mata. Ba littafin Anne ne ya tara su ba, amma ciwon ɗaya ne. Biyu daga cikin matan da suka kira taron, Lucretia Mott da Elizabeth Cady Stanton, sun fara haɗuwa a Landan a 1840, a babban taron masu yaƙi da bauta, inda aka hana wakilai mata zama cikin taro aka ce su saurara daga gefe. Sun ƙetare teku domin 'yancin bayi, sai suka tarar su ma ba su da bakin magana. A Seneca Falls an amince da shawarwari masu yawa ba tare da gardama ba, amma da aka zo kan ƙuri'a sai aka rabu, har wasu matan suka ce abin zai jawo musu ba'a. Frederick Douglass, wanda shi kansa bawa ne da ya tsere, ya tashi ya goyi bayan shawarar, sa'an nan ta wuce. Mutum 100 suka sa hannu, mata 68, maza 32.

Daga nan tafiya ta yi nisa ƙwarai. A 1866 mata wajen 1,500 suka sa hannu a takardar koke, John Stuart Mill ya miƙa ta ga majalisar Ingila. A 1867 ya nemi a sake kalma guda a dokar zaɓe domin mata su shiga ciki. Wakilai 73 suka yarda, kusan 200 suka ƙi. A 1870 aka yarda matar aure ta riƙe abin da ta samu da aikin hannunta, a 1882 kuma aka yarda ta mallaki dukiyarta duka. Watau shekara 34 bayan littafin kafin a daina ɗaukar kuɗin irin su Helen a matsayin na miji.

Ƙasar da ta fara ba dukan matanta ƙuri'a a zaɓen majalisa ita ce Niyu Zilan, a 1893. Waɗanda suka ja gaba kuwa matan ikkilisiya ne, na ƙungiyar mata Kirista masu yaƙi da shan giya, ƙarƙashin Kate Sheppard. Sun gaji da ganin albashin mako yana ƙarewa a mashaya yara suna kwana da yunwa, suka gane ba za a taɓa dokar giya ba muddin ba su da ƙuri'a. Suka bi gida gida har suka tara sa hannu kusan 32,000. Masu sayar da giya suka yi iyakar ƙoƙarinsu su hana, amma ba su yi nasara ba.

A Ingila sai a 1918 aka ba mata masu shekara 30 zuwa sama, masu ɗan abin hannu, sa'an nan a 1928 aka daidaita su da maza a shekara 21. A Amurka sai 1920, shekara 72 bayan taron majami'ar nan. Cikin matan da suka sa hannu a 1848, guda ɗaya ce kaɗai, Charlotte Woodward, aka sani ta ga wannan rana, ita ma tsufa da rashin lafiya suka hana ta fita jefa ƙuri'ar. Baƙaƙen mata na kudancin Amurka kuwa, dabaru iri iri aka yi ta yi ana hana su har zuwa dokar 1965. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.

Ko ƙuri'ar ta yi amfani? Ku duba abin da ya biyo baya a Ingila. A 1919 mace ta fari, Nancy Astor, ta zauna a kujerar majalisar wakilai. A 1923 ta kawo doka, aka kuwa karɓa, wadda ta hana sayar wa yaran da ba su kai shekara 18 ba giya a mashaya. A 1925 aka yi dokar da ta ce in ana shari'ar riƙon yaro, haƙƙin uba bai fi na uwa ba, amfanin yaron ne za a sa a gaba. Ku tuna da ɗan Helen da ake ɗura wa giya, ku tuna da uwar da doka ta mai da ita ɓarauniyar ɗanta. Abin da roƙo bai kawo ba cikin shekara 70, ƙuri'a ta kawo shi cikin shekara 7.

Amma dole mu faɗi gaskiya duka, kada mu yabi littafi fiye da aikinsa. Ba littafi ne ya ba mata ƙuri'a ba. Anne Brontë ba ta ambaci zaɓe a labarinta ba. Caroline Norton ba ta nemi ƙuri'a ba. Wata shahararriyar marubuciyar labarai, Mary Ward, tana ma cikin jagororin ƙungiyar mata masu ƙin ƙuri'ar mata da aka kafa a 1908. Sarauniya Biktoriya, mace a kan gadon sarauta, ta ƙi jinin zancen. Ikkilisiya ma ta rabu biyu. A majami'a aka yi taron fari, amma fastoci da yawa sun hau mumbari sun yi wa'azin ƙin abin. Kuma cikin masu neman ƙuri'a akwai mabiyan Emmeline Pankhurst da suka kai ga fasa tagogi da ƙona gine-gine, abin da ba za mu koya wa 'ya'yanmu ba, ko da yake mun san an ɗaure su da yawa, aka kuma yi musu ɗure da ƙarfi sa'ad da suka ƙi cin abinci a kurkuku. Labari yana huɗa ƙasa ne ya tausasa ta. Shuka da noma da girbi aikin waɗanda suka bi ƙofa ƙofa ne, suka sha rana, suka sha zagi. Wanda ya yi wa Helen hawaye ya rufe littafi ya kwanta, bai taimaki kowa ba.

Baba ya saurara har nan, sa'an nan ya ce, "Wannan duk zancen Turawa ne, Malam." Muka ce, "Baba, iya tana jefa ƙuri'a?" Ya ce, "In ta ga dama." Muka ce, "To, uwarta fa, tana 'yar budurwa?" Ya yi shiru, gama ya tuna. A zaɓen tarayya na 1959, wanda ya kai Nijeriya ga samun mulkin kai, matan kudu sun jefa ƙuri'a, matan Jihar Arewa kuwa an hana su, Musulmi da Kirista baki ɗaya. 'Yan'uwansu na Maraɗi da Damagaram sun riga sun samu tun 1956, ta wata doka da Faransa ta yi wa ƙasashen da take mulka. Matan arewa sai a 1976 suka fara, a zaɓen ƙananan hukumomi, sa'an nan a 1979 suka zaɓi shugaban ƙasa. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya, 'yar jam'iyyar NEPU, ta sha ɗauri sau da yawa, ta sha duka, saboda ta ce a ba mata ƙuri'a, a sa 'yan mata a makaranta, a daina aurar da su da ƙuruciya. Ta rasu a 2001. Katin zaɓen da ke kwance a ƙasan akwatin iyayenmu mata, wasu ne suka biya kuɗinsa da jikinsu. Har yanzu ma da sauran tafiya, gama bayan zaɓen 2023 matan da ke majalisar dattawa ba su kai 5 ba cikin kujeru 109.

Wanda yake tsammani neman haƙƙi saɓo ne ga mace, ya buɗe Littafin Ƙidaya sura 27. 'Ya'yan Zelofehad mata su biyar, ubansu ya mutu bai bar ɗa namiji ba, al'ada kuwa ta ce gādo na maza ne. Suka tafi suka tsaya a gaban Musa da firist da shugabanni da dukan taro, suka faɗi kokensu a fili cikin ladabi. Musa bai kore su ba, ya kai maganar gaban Ubangiji, Ubangiji kuwa ya ba su gaskiya, aka mai da abin ka'ida ga dukan Isra'ila. Ga takardar koke, ga majalisa, ga gyaran doka, tun a jeji.

Saura laifi na biyu, watau koyar da yaji. Muka tambayi Baba ko 'yarsa ta kai ƙarshen labarin. Ya ce ai ya ƙwace tun ba ta kai ba. To, ga ƙarshen. Helen ta ji mijin ya faɗo daga doki yana kwance, duk abokan shansa sun watse. Ta koma da ƙafarta ta yi jinyarsa dare da rana, tana roƙonsa ya tuba, har ya cika a hannunta. Ba ta fita don wani namiji ba, ba ta kuwa sake aure ba sai bayan mutuwarsa. Ta fita ne domin ta ceci ran yaro. Babban darasin littafin ga budurwa ma tun a farko yake: kada ki auri mashayi da sa zuciyar za ki gyara shi, ki kuwa saurari manyanki in sun gargaɗe ki. Muka ce, "Baba, ashe wa'azinka take yi." Ya yi murmushi, amma bai ce ya yarda ba.

Ba mu ce kowane littafi ne ya dace da yaro ba. Akwai na banza da yawa, kuma aikin iyaye ne su san abin da ke shiga gidansu. Shawararmu ita ce, kafin ka ƙwace, ka tambaya. Ka sa yarinyar ta ba ku labarin da Hausa bayan cin tuwon dare, ita da uwarta da 'yan'uwanta maza, gama su ne mazajen gobe. Ku tambaye ta wa ya yi daidai, wa ya yi kuskure, me Maganar Allah ta ce. Zumuntar mata kuma, ban da ɗinki da waƙa, za su iya tambayar juna wace ce ba ta da katin zaɓe, su raka ta ta karɓo. Ranar zaɓe kuwa kada a sayar da abin da aka sha ɗauri dominsa a kan sabulu da turmin atamfa.

Baba ya tashi, ya ɗauki hularsa, ya kai bakin ƙofa, sai ya dawo ya ɗauki littafin. Ya ce, "Bari ta ƙarasa, amma a gabana, kuma bayan ta sauke miya." Muka rubuta sunansa a littafin aro, mako biyu. Har ran da muke wannan rubutu bai dawo da shi ba.

Wanda yake da ra'ayi a kan wannan magana, ko na goyon baya ko na ƙi, ya rubuto mana ta hannun edita. Musamman muna so mu ji daga iyayenmu mata da suka jefa ƙuri'a a 1976 ko 1979, su gaya mana yadda ranar ta kasance. Sai wata mai zuwa, in Ubangiji ya kai mu. Ku huta lafiya.